Karo na biyu da kwas ɗin ƙididdiga

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na kammala rajistar samista. Kwas na farko da na cike a fom shi ne wanda ya kayar da ni bara, gabatarwar ƙididdiga, yunit uku. Ka'idar makaranta ce, sai ka fara sa keri-oba, wato kwas ɗin da ka faɗi kake maimaitawa, kafin kwasa-kwasan ajinka. Ina lebul 200 a sashen nazarin halittu, amma ranakun Talata da Alhamis zan riƙa komawa cikin 'yan lebul 100.

Bara na samu 14 cikin 30 a C.A., wato makin tes da asamen, na samu 23 cikin 70 a jarrabawa. Jimilla 37. A tsarin makin da muke bi, 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, duk abin da ya gaza 40 kuma F. Maki uku suka raba ni da tsallakewa. Na ɗauki yunit 18 a wancan zangon, na tara makin giredi 52, da aka raba da 18 sai GP ɗina, wato matsakaicin makin zango, ya tsaya a 2.89. Da C na samu a ƙididdiga, da an ƙara mini 9, wato 3 na C sau yunit uku, ya zama 61, GP ya kai 3.39. Kwas ɗaya ya ci mini rabin maki cur.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yau ban san inda na yi kuskure ba. Na haddace fomula, na cika takarda, na fito ina sa ran C. Ba wanda ya nuna mini takardata. Shi ya sa na buɗe wannan littafin: duk inda na zubar da maki a bana, ina so in san wurin, in rubuta shi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Lakca ta farko, ƙarfe takwas, ga hazo ga sanyi. Na isa bakwai da kwata don in samu layin gaba, domin bara a can baya nake zama, inda lasifika ba ta kaiwa sosai. Malam ya bayyana rabon maki: tes biyu, goma-goma, asamen goma, jarrabawa saba'in. Ya kuma tuna mana dokar halartar kashi 75 cikin ɗari.

Kashe kuɗi: hoton handawut ₦1,800, littafin giraf ₦400, sabon littafin rubutu ₦700.

Talata, 21 ga Janairu

Bambancin al'umma da samfur. Malam ya kawo misalin ƙidayar 2006, wadda ta ba da mutum 140,431,790, ya ce wannan yunƙurin ƙirga kowa ne. Abin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take yi wata-wata kan farashin kaya kuwa samfur ne, tana zaɓar kasuwanni da kayayyaki. Ban sha wuya ba yau.

Asabar, 25 ga Janairu

Na zo gida hutun ƙarshen mako, kuma a nan na fara gane min (jimilla a raba da yawan lambobi) da midiyan (lambar tsakiya idan an jera su) da gaske, ba a aji ba.

Umma tana sayar da kunun gyaɗa da safe, tana kuma da ɗan littafin da take sa Auta ya rubuta mata yawan robobin da suka fita. Na ɗauki na mako guda: 18, 22, 20, 25, 19, 21, 64. Wannan 64 ɗin ranar Juma'a ce da maƙwabta suka yi suna, suka yi oda. Na haɗa, 189. Na raba da bakwai, 27. Na ce, "Umma, a lissafi roba 27 kike sayarwa a rana."

Ta kalle ni ta ce, "Idan na dama na roba 27 gobe, ke za ki shanye ragowar?"

Sai na jera su daga ƙarami zuwa babba: 18, 19, 20, 21, 22, 25, 64. Na tsakiya 21. Ta ce, "Yauwa, wannan ne kununa."

Bara na haddace jimlar da ke cewa lamba mai nisa tana jan min amma ba ta jan midiyan, na rubuta ta a jarrabawa ba tare da na ga abin da ido ba. Daga yau duk darasin da aka yi, zan gwada shi a kan littafin Umma kafin in taɓa tambayoyin handawut.

Alhamis, 30 ga Janairu

Teburin maimaituwa, da zane-zanen giraf guda biyu, histogiram da ojayib. An ba mu dokar Sturges ta fitar da yawan rukuni, 1 + 3.322 log n. Na zana uku a littafin giraf.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kalkuletata ta mutu a tsakiyar lakca, rabin allon ya daina nunawa. Ashe ta jabu ce tun asali. Wata 'yar lebul 400 da ke ɗakin kusa da namu ta sayar mini da tata Casio fx-991ES Plus a ₦6,500. Yaya ne ya turo kuɗin, Allah Ya saka masa da alheri.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na fara zuwa tutoriyal ɗin da ɗaliban masallaci suke shiryawa kyauta. Mai koyarwar ɗan lebul 400 ne a sashen lissafi. Ya nuna mana yadda ake shigar da lambobi a kalkuleta: MODE, 3, 1, a zuba lambobi, AC, SHIFT 1, sannan 4. Sai ga abubuwa huɗu sun fito: n (yawan lambobi), da min, da σx da sx, wato standad dibiyeshan (ma'aunin bazuwar lambobi daga min) na al'umma da na samfur. Shekara guda ina riƙe da irin wannan na'ura ban san tana yin haka ba.

Ya gargaɗe mu cewa kalkuleta ta duba amsa ce kawai. Wanda ya kwafi amsar ƙarshe ba tebur, ba fomula, ba matakai, maki ɗaya zai samu ko da amsar daidai ce.

Talata, 18 ga Fabrairu

Muna kan lambobin auna farashi, na Laspeyres da na Paasche. Na farko yana amfani da yawan kayan shekarar tushe, wato wadda ake kwatanta farashi da ita, na biyu da na shekarar da ake ciki. Na rubuta, amma ban ji sun shige ni ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Malam ya shigo da labarin da ake ta magana a kai. Hukumar Ƙididdiga ta fitar da hauhawar farashin Janairu, kashi 24.48, alhali na Disamba 34.80 ne. Ya tambaya, "Wa ya ga kaya sun sauko a kasuwa?" Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Sai ya yi bayani: an sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, an sabunta kwandon kayan da ake aunawa da nauyin kowanne. Ma'aunin ne ya canja, don haka ba a jera lambobin biyu kai tsaye. Kuma ko da hauhawa ta ragu da gaske, farashi bai sauko ba, saurin hawansa ne ya ragu.

Wannan ce lakca mafi daɗi da na taɓa zama a kwas ɗin nan. Asamen ɗinmu daga nan ya fito: kowa ya zaɓi kaya huɗu, ya samo farashin bara da na bana, ya fitar da lambobin biyu. Na zaɓi gyaɗa, shinkafa, sukari da tsamiya. Umma ta san farashin kowanne a ka.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Tes na farko. Minti arba'in, tambaya biyu. Na fito ina jin na ci tara ko goma.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na sake tsarin karatu: bayan sahur zuwa ƙarfe bakwai na ƙididdiga ne, domin bayan la'asar kaina ba ya ɗaukar lamba.

Talata, 11 ga Maris

Shida cikin goma. Na yi shiru a kujera, domin irin jin da na yi bara ke nan, na fito da tabbaci sakamako ya zo da wani abu dabam.

Amma bana akwai bambanci. Ɗalibin digiri na biyu da ke taimaka wa Malam ya ce duk mai son ganin takardarsa ya same shi ranar Laraba. Mu fiye da ɗari biyar ne a ajin, mu goma sha wani abu muka je.

Laraba, 12 ga Maris

Na ga takardata, kuma zan rubuta komai dalla-dalla.

Tambaya ta farko midiyan ne na bayanan da aka kasa rukuni: 10–19, 20–29, 30–39, haka. Mutum 40 ne, rabi 20. Kafin rukunin 20–29 an tara 14, a cikinsa akwai 8. Fomulata daidai take. Sai dai na ɗauki farkon rukunin a matsayin 20, faɗinsa kuma 9, wai 29 a cire 20. Na samu 26.75. Abin da ya kamata shi ne iyakar gaskiya, 19.5 zuwa 29.5, faɗi 10, amsa 27. Ya nuna mini da yatsa: "Ƙirga daga 20 zuwa 29, lamba nawa ne?" Goma ne. Maki biyu sun tafi.

Ta biyu standad dibiyeshan. Tambayar ta ce samfur ne aka ɗauka, ni kuma na raba da n maimakon n − 1, na kuma duba da σx a kalkuleta, ta ba ni abin da na samu, hankalina ya kwanta. Wasu biyun sun tafi.

Na ce, "Malam, me ya sa ake cire ɗaya? Bara ma haddacewa na yi." Ya karɓi birona ya ce in ba shi lambobi biyar. Na ba shi na Umma: 18, 19, 20, 21, 22. Min 20. Nisan kowacce: −2, −1, 0, 1, 2. Ya rufe ta ƙarshe da babban yatsa ya ce, "Idan kin san huɗun nan, kuma kin san jimillarsu duka sifili ce, ta biyar tana da zaɓi?" Ba ta da shi. Huɗu ne kawai ke da 'yanci. Ya ƙara da cewa min ɗin samfur daga cikin lambobin aka haife shi, don haka ya fi kusa da su fiye da min ɗin al'umma, idan aka raba da n sai a rage girman bazuwar. Jimillar sukwaya 10 ce. Raba da 5 ya ba da 2, sukwaya rut 1.41. Raba da 4 ya ba da 2.5, sukwaya rut 1.58.

Sannan ya nuna mini yadda suke maki. Akwai na fomula, akwai na zuba lambobi daidai, akwai na amsa, wani lokacin har da na jimlar da ke fassara amsar. Shidan da na samu kusan duk na hanya ne.

Minti goma sha biyar muka yi. Ina da yaƙinin waɗannan kurakuran biyu na yi su bara, a tes da jarrabawa, na kuma shigo da su bana ba tare da na sani ba. Ɗalibai suna cewa kwas ɗin nan makabarta ne, malamansa masu rowar maki ne. Ni dai yau na ga maki a zube a kan hanya, kuma na ga ƙofofin da suke zurarewa ƙanana ne. Laifin da nake ganin tsarin yana da shi ɗaya ne, kuma babba ne: a ba mutum lamba a allo, a hana shi ganin jan biron da ya haifar da ita. Na san malami ɗaya ba zai zauna da mutum ɗari biyar ba. Amma ko amsoshin tes aka liƙa a allo bayan an gama maki, da an ceci mutane da yawa.

Alhamis, 13 ga Maris

An shiga furobabiliti, wato lissafin yiwuwa. Na miƙa asamen.

Talata, 18 ga Maris

Nan ne wahalar gaske, kuma rabinta ba lissafi ba ne, Turanci ne da al'ada.

Tambayoyin handawut cike suke da karta mai 52. Gidanmu ba a taɓa shigo da karta ba, kayan caca ake ɗaukarta. Ta yaya zan faɗi yiwuwar zaro sarki ko jan kati alhali ban san sarakuna nawa ne a ciki ba? Ƙwayar ludo na sani, kwandala na sani. Na tambayi 'yan matan layinmu, yawancinsu haka suke, kowa ta yi shiru ne don kunya.

Da daddare na zana tebur a bangon littafina: gida huɗu, biyu ja biyu baƙi, kowane gida kati 13. Sarakuna 4, jajaye 26, sarakunan da suke ja 2. Sai 4 da 26 a cire 2, 28 cikin 52, wato 7/13. Cire biyun nan da nake ta mantawa, da na ga teburin na gane dalili: an ƙirga su sau biyu.

Sai kalmomin nan, "at least" da "at most". An jefa kwandala sau uku, ana neman yiwuwar ɓangaren kai ya fito aƙalla sau ɗaya. Na karanta shi a matsayin sau ɗaya tak, na rubuta 3/8. Amsar 7/8 ce, wato 1 a cire 1/8, yiwuwar kada ya fito ko sau ɗaya. Yanzu kafin in taɓa kalkuleta sai na rubuta tambayar da Hausa a gefe da fensir: aƙalla ɗaya, ɗaya zuwa sama, bai wuce biyu ba, biyu zuwa ƙasa har sifili.

Asabar, 22 ga Maris

Tutoriyal, bainomiyal, wato lissafin yiwuwa idan ana maimaita abu mai sakamako biyu, a ci ko a faɗi. Misalin da ya tsaya mini: tambaya biyar masu zaɓi huɗu, mutum yana cankar amsa. Yiwuwar ya kasa cin ko ɗaya ita ce 0.75 × 0.75 × 0.75 × 0.75 × 0.75, wato 0.2373. An maido asamen, 8 cikin 10.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Ba karatu har Alhamis.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Rarrabuwar nomal mai siffar ƙararrawa. Kashi 68 na lambobi suna cikin tazarar standad dibiyeshan ɗaya daga min, 95 cikin biyu, 99.7 cikin uku. Zafi ya yi tsanani, ba wuta, fankoki a tsaye. Wata ta suma a baya aka fita da ita.

Talata, 15 ga Afrilu

Na ci karo da abin da zai iya kayar da ni a jarrabawa, Allah Ya sa a tutoriyal ya faru.

Buhuna masu matsakaicin nauyi kilo 50, standad dibiyeshan 2, ana neman yiwuwar buhu ya gaza kilo 53. Z, wato nisa daga min a raba da standad dibiyeshan, ya zama 1.5. Teburin da ke handawut ɗina yana ba da fili daga tsakiya zuwa z, wato 0.4332, sai ka ƙara 0.5 ka samu 0.9332. Na saba da ƙara rabin nan har ya zama mini jiki. Yau aka miƙo mini wani teburin dabam, mai tarawa tun daga ƙarshen hagu, wanda ya riga ya ba da 0.9332. Na ƙara 0.5 a kai, na rubuta 1.4332, na ja layi biyu a ƙasa.

Mai tutoriyal ya tsaya a kaina ya ce, "'Yar'uwa, yiwuwa tana wuce ɗaya?" Na san ba ta wucewa, tun makon farko na sani. Hannuna ne ya yi aiki ba tare da kaina ba.

Maganin da ya ba ni: da an miƙo tebur, in duba z = 0. Idan 0.0000 ne, na tsakiya ne. Idan 0.5000 ne, mai tarawa ne. Kuma in zana ƙararrawar in yi wa filin da ake nema inuwa kafin komai. Na yi tambaya ashirin da daddare, goma da kowane tebur. Hoton tebura biyu ₦200.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Tes na biyu. Mai tarawa aka kawo. Na duba sifili tukuna.

Litinin, 5 ga Mayu

An liƙa C.A. Gurbin tes ɗina na biyu babu komai, jimilla 14. Daidai lambar bara. Ƙafafuna suka yi sanyi a gaban allon.

Na je ofis, aka ce Malam yana taro. Na koma bayan azahar, an rufe. Kodinetan ajinmu ya ce in rubuta takarda in haɗa da shaidar na zauna tes ɗin.

Alhamis, 8 ga Mayu

Kwana uku ina sintiri. Yau aka samo takardar halarta, ga sa hannuna a lamba ta 212. Ashe takardun 'yan keri-oba an ware su a ambulan dabam saboda lambar rajistarmu ta bara ce, ba a shigar da su ba. Mu tara abin ya shafa. Na kira waɗanda nake da lambarsu, domin biyu daga ciki ba su ma duba allo ba. Na samu 7. C.A. ta zama 21.

Lissafin da ke gabana: 19 cikin 70 ya tsallakar da ni, 29 ya ba ni C, 39 ya ba ni B, 49 ya ba ni A. B nake hari.

Asabar, 17 ga Mayu

Tambayoyin shekarun baya, na shekara huɗu, ₦600. Ina yin kowace takarda da agogo, sannan in yi wa kaina maki mataki-mataki. Inda nake jinkiri shi ne teburin bariyans (sukwayar standad dibiyeshan) na rukuni, yana cin mini minti ashirin da biyar.

Laraba, 28 ga Mayu

Jarrabawa, awa biyu da rabi. Tambaya ta ɗaya dole, maki 25, sai a zaɓi uku masu 15. Na ɗauki ta midiyan da ojayib, ta bainomiyal da ta nomal. Na rubuta iyakokin rukuni da .5 ɗinsu kafin komai. A bainomiyal akwai "at most two", na fassara a gefe na goge daga baya. Lokaci ya ƙare ina tsakiyar sashen ƙarshe na tambayar nomal, inda ake ba da yiwuwa a ce a nemo x. Na rubuta fomula da zanen ƙararrawa, ban kai ga amsa ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Sakamako ya fito. 64, B. Jarrabawa 43 ke nan. Alhamdu lillahi. Na kira Umma, ta ce a kawo mata littafin kununta da na riƙe tun Sallah.

F ɗin bara tana nan a takardata, kuma yunit ukunta suna cikin lissafin CGPA, wato matsakaicin makin dukkan zangunan da na yi. Maki 12 na bana za su rage raɗaɗin ne kawai.

Ƙawata da muke zama layi ɗaya ta samu 39. Na same ta a ɗaki ba ta ko cire hijabi ba. Tana cikin waɗanda ba su je ganin takardar tes ba a watan Maris, saboda tana da firaktikal a lokacin. Na ɗauko takardunta na gwaji muka duba tare, ga shi nan tana raba samfur da n.

Abin da ke gaba: a lebul 300 akwai ƙididdigar nazarin halittu, inda za a shiga gwajin hasashe, irin su gwajin t da na kai-sukwaya. Zan fara karanta babin farko a hutun nan. Na yi wa ƙawata alkawarin karatu tare Asabar-Asabar idan zangon ya zagayo, na kuma ba ta teburin karta da tebura biyun z. Gobe zan kai wa wakilin ajinmu takardar roƙon a riƙa liƙa amsoshin tes a allo. Mutum goma sha huɗu sun sa hannu zuwa yanzu.